Ranar da Motar Muniru Ta Ga Kwalta

Wata Talata a kwanakin baya, maƙwabcina Muniru ya kai bakin famfo a gidan mai. Wanda bai yi layin fetur a Tamale bana ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. A nan, in mutum ya kai bakin famfo, barka ake yi masa kamar wanda ya dawo daga aikin Hajji.

Tun makon da ya gabaci ranar motarsa ke cikin layi. Ba a tayar da mota a layin, turawa ake yi da hannu, kaɗan-kaɗan, don kada a ƙona ɗigon da ya rage. Zaman ya yi tsawo har an ƙulla zumunci. Mai tasin da ke gabansa ya koya masa maganin basir, direban tiroto, wato bas ɗin haya, na bayansa ya samu wadda zai aura, mai koko kuwa ta kwashe tukunyarta daga Tishigu ta dawo nan gaba ɗaya, don ta ce kasuwa ta tashi ta koma gidan mai.

To, mai sayar da man ya ɗaga bututu ke nan, Muniru ya buɗe murfin tanki yana murmushi, sai ga wata akori-kura mai lambar gwamnati ta shigo ta ƙofar fita, bayanta cike da gangunan ƙarfe. Wani ya diro ya ce na aikin ƙasa ne. Aka cika ganguna ɗaya bayan ɗaya, Muniru na tsaye da murfi a hannu. Da aka zo kansa, famfon ya yi tari ya yi shiru.

"Masa, ya ƙare," in ji mai man, da "masa" ɗin nan tamu ta girmamawa, wato maigida.

"Kupon ɗina fa?" Muniru ya tambaya, yana nuna 'yar takardar rabon mai.

"Ka adana shi da kyau. Kupon ba ya lalacewa."

Ni ban zargi kowa ba. Manyanmu, Allah ya ƙara musu ƙiba, sun riga sun yi bayani a rediyo cewa babu ƙarancin mai a ƙasar nan, son yawo ne ya yi wa talakawa yawa. Wanda ke da shakka, ya duba motocinsu: ko sau ɗaya an taɓa ganin ana tura su?

Bari in gaya muku ko wane ne Muniru. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, mutum mai sanyin hali, da shi da matarsa Zuwera da 'yarsu Humu suna zaune jikin gidana a Gurugu. Ofishinsu na wani gari can arewa da Tamale, kullum sai ya je ya dawo. Ofishin na da jif, gaskiya ne, amma jif ɗin na fama da babban aiki: shi ke kai man kaɗanyar uwargidan Maigirma Shugaban Ofis kasuwar Kumasi, ya dawo da sabulu da sukari na kalabule, wato kasuwar bayan fage. Ba za a ce a bar wannan a tafi duba shanun Fulani ba.

Motar kuwa, surukinsa Sidiki ne ya shigo da ita bara, lokacin da aka koro 'yan Ghana daga Legas. Ja ce wur, 'yar ƙarama, ƙofa biyu, ta ukun a baya tana ɗagawa sama kamar murfin akwati. Gajera ce, cikinta kusa da ƙasa, tayoyinta masu faɗi. Bature ya ƙera ta don samari masu son gudu, wani ɗan Legas ya more ta, sannan ta faɗo hannun Sidiki. Da ya iso gida ya tarar ana yunwa, sai ya gane ba a tuƙa tuwo da mota. Muniru na da 'yar gona a Gbalahi wadda gobarar daji ta tsallake. Aka yi musaya, masara da doya suka tafi gidan Sidiki, mota ta kwana a Gurugu.

Ranar da yake ba da makulli, Sidiki ya shafa bayanta ya ce, "Suruki, wannan ba mota ba ce, tsuntsuwa ce. Ka dai nema mata hanya."

Mutane kan tsayar da ni su tambaya ko irin wannan tsohuwar ƙaramar mota za ta iya zirga-zirgar aiki ta kullum a babbar hanya. Na ga abin da idona, don haka zan faɗi gaskiya. Motar ba ta taɓa cin amanar Muniru ba. Da safe murɗa ɗaya take tashi. Ba ta zafi, ba ta hayaƙi, mai kuwa lasa take yi kamar kyanwa. Duk abin da ya same ta, daga waje ya zo. Tayoyi suka suɗe, babu taya a ƙasar, sai aka kai wa mai gyaran takalma ya ɗinke su. Salansa ta faɗi a rami, Mashudu fita, makanikin unguwarmu, ya ɗaure ta da wayar shanya. Wannan Mashudu, da ya fara buɗe gabanta, sai da ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi lori ya koya, amma inji duk inji ne, ya ɗauko guduma. Motar ta jure har da Mashudu. Ina ganin wannan kaɗai ya isa shaida.

Abin da ba ta samu ba shi ne hanya. Hanyar da Muniru ke bi an taɓa yi mata kwalta, dattawa sun tabbatar. Yanzu ramuka ne, da ɗan tsibirin baƙi nan da can don tunawa. Muniru ya san ramukan kamar 'yan'uwansa, har suna ya raɗa musu. Akwai Rijiya, akwai Kwana-nan, akwai wani da yake kira Maigirma, saboda kullum ƙara faɗi yake yi kuma ba a bi ta kansa, sai dai a kewaye. Allurar da ke nuna gudu ba ta taɓa barin kusurwarta ba. Giya ta biyar, Muniru labarinta kawai yake ji. Masu keke kan wuce shi su gaishe shi.

Mu koma gidan mai. Muniru na zaune a mota ya rasa abin yi, kuma damuwarsa ba ta ofis ba ce. Annobar bushiya ta shiga shanu a yankinsu. Jauro Mamudu, dattijon makiyayan da ke ƙetaren rafi can gaban gari, ya taka da ƙafa har Gurugu ya ce masa shanu sun fara zawo suna faɗuwa. Allurar rigakafi ta iso, tana cikin firij mai kananzir a gidan wani abokin aiki. Allura ce da ba ta son zafi, dole a ɗauke ta cikin fulas da ƙanƙara a kai ta da sauri. Ga allura, ga mai yin ta, ga mota lafiya lau. Mai ne babu.

Sai ya ji ana ƙwanƙwasa rufin motar. Wani mutum ne cikin rigar safari mai aljihu huɗu, da biro a kowane aljihu. Ya zagaya motar yana gyaɗa kai.

"Taka ce?"

"Tawa ce, masa."

"Tana gudu?"

"An ce tana yi."

Mai safari ya ce shi ne mai shirya bikin jibi. Maigirma Babban Mai Yanke Kirtani zai zo ya buɗe Babban Titin Arewa, kuma ana son motar talaka, amma mai kyau, ta fara hawa titin a gaban 'yan jarida. Motocin talakawan da ya gani duk ba sa shiga hoto. In Muniru ya yarda, za a cika masa tanki.

Kowa ya san farkon wannan titi. Ya rabu da tsohuwar hanya a bayan gari, shimfiɗaɗɗe, baƙi ƙirin, an tare bakinsa da ganguna da mai gadi tun kafin Humu ta fara tafiya. Ya miƙe ya shige bayan wasu itatuwan kaɗanya, daga nan ba wanda ya san labarinsa.

Da yamma Muniru ya gaya wa Zuwera. Tana tankaɗen garin jar masarar agaji, ba ta ɗago ba.

"Baban Humu, mutanen nan sun taɓa ba ka wani abu?"

"Ba su taɓa ba."

"To me ya sa za su fara ranar Alhamis?"

"Hoto suke so, ni mai nake so. Ina gama musu gudun sai in zarce wurin Jauro. Sabon titi ne, kafin ƙanƙara ta yi gumi na isa."

"Su da ke da manyan motoci, me ya hana su hawa?"

Muniru ya ce wataƙila tawali'u ne. Zuwera ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar Alhamis da hantsi aka cika masa tanki, abin da motar ba ta gani ba tun Legas. Ya ɗauko allurar, ya samo ƙanƙara da kyar, ya ɗaure fulas ɗin a kujerar gefe da ɗankwalin Zuwera. A wurin biki an kafa rumfuna, an jera 'yan makaranta a rana da tutocin takarda, makaɗan lunga da masu goge suna ta aiki. A bayan rumfar manya ya hangi gangunan nan na ranar Talata. Ɗaya na ciyar da injin lasifika, sauran direbobin manya na zuƙa da tiyo suna ɗura wa motocin iyayen gidansu. Aikin ƙasa dai, kamar yadda aka faɗa.

An ce Maigirma zai iso da safe. Rana ta take tsaka bai iso ba. 'Yan makaranta suka fara sulalewa ƙasa, ana kai su inuwa. Muniru ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe fulas. Can ya girgiza shi a hankali, sai ya ji ƙarar ruwa a ciki. Ya je ya samu mai safari.

"Masa, ina da magani a mota, zafi zai kashe shi. Ko in yi gudun yanzu, mai hoto ya ɗauka?"

"Ka hau titin kafin a buɗe shi? Kana so a ce ka yi wa gwamnati fashi?"

Bayan azahar aka ji jiniya. Maigirma ya sauko, aka riƙe masa laima, aka riƙe wa mai riƙe laimar jaka. Ya yi jawabi. Ya ce daga yau Arewa ta daina kishin titin Tema da ke can kudu. Ya ce manomi zai tsinki tumatir a nan ya sayar a kudu raɓa ba ta bushe a jikinsa ba. Ya ce maƙiya ci gaba sun yi ta yaɗa cewa ba za a gama ba, to yau ina suke? Aka tafa. Sai tafinta ya maimaita da Dagbanci, wani ya maimaita da Hausa, kowanne ya ƙara nasa gishirin. Almakashi ya ƙi cin kirtani, aka aro wuƙar mai tsire.

Mai safari ya leƙo ta taga. "Ka taka ta sosai. Maigirma na son ya ga gudu. Kada ka sassauta sai ka ɓace mana."

"Titin ya kai ina, masa?"

"Ya kai inda aka tsara."

Muniru ya yi bisimilla ya saki kuloci.

Ya gaya mini daga baya cewa tunda aka haife shi bai taɓa jin abu irin wannan ba. Duk ƙarar da ya saba ji, ta ƙofa, ta gilashi, ta haƙoransa, sai ta ɗauke. Motar ta kwanta a kan kwalta, muryarta ta canja, ta koma siririya mai daɗi. Ya sa giya ta uku, ya sa ta huɗu, allura ta baro kusurwarta tana hawa. Hannunsa ya lalubo ta biyar, ta shiga kamar dama jira take yi. Iska ta cika masa riga. Ya ce a ransa ashe Sidiki bai yi ƙarya ba, ashe duk wannan lokaci baiwar Allahn nan haƙuri take yi da mu. Ya ce har ya fara tunanin ko ya zalunci manyanmu da zato. Ya hango kansa yana karyawa a gida, yana isa aiki kafin shayi ya huce a cikinsa.

Sai titin ya karya kwana bayan itatuwan kaɗanya, kuma a nan ya ƙare. Ba raguwa ya yi ba, yankewa ya yi kamar an sa wuƙa. Gaba kaɗan ga tulin jar ƙasa, ga allo mai ɗauke da zanen gada kyakkyawa, a bayan allon kuma ga rafin da za a ɗora gadar a kai in Allah ya kai mu.

Ya taka birki, kuma birkin ya kama, a rubuta wannan a lissafin motar. Ta ja tayoyinta na ɗinki a kan tsakuwa, ta kauce wa allon, ta gangara gaɓa, ta kafa hanci cikin yashin rafi. Muniru ya saki sitiyari ya rungume fulas. Goshinsa ya bugi gilashi ya fashe, haƙorinsa na gaba ya fita. Ƙafar motar ta gaba ta karye, ruwan lagireto ya tsiyaye cikin yashi.

Yana zaune a ciki yana jin kiɗa da tafi daga nesa. Ya jira a zo a duba shi. Sai ya ji jiniya ta tashi, tana nisa, tana nisa, ta nufi gari. An shirya wa baƙi liyafa, kuma ba a barin shinkafa ta huce.

Wadda ta fara zuwa wata mai tallar nono ce, ta sauke ƙwaryarta ta leƙa.

"Dokita? Kai ne?"

Adijatu ce, matar Jauro Mamudu. Ashe rugarsu na nan ƙetaren rafin, bayan wata 'yar fadama. Ta tsohuwar hanya sai an yi dogon zagaye kafin a kai. Ta yage gefen mayafinta ta ɗaure masa goshi, ta tafi ta kira mijinta.

Jauro ya zo da sandarsa, ya dubi motar, ya dubi gaɓar da ta gangaro, ya dubi Muniru.

"Sannu, Dokita. Mun ce ka yi sauri, amma ba mu ce haka ba."

Muniru ya buɗe fulas. Saura 'yar ƙanƙara kamar ƙwayar goro tana yawo a ruwa, amma kwalaben da sanyinsu. Ya ce a tara shanu. A ƙarƙashin wata ɗorawa ya yi aikin, jini na ɗiga daga ɗaurin goshinsa, makiyaya na kama ƙaho yana soka allura, har rana ta yi ja. Ya gama da duk wadda ke iya tsayawa.

Sannan Jauro ya ja shi bayan ruga ya nuna masa inda suka binne waɗanda suka mutu. Ƙasar sabuwa ce, ungulu na zaune a kan itace. Ya nuna wani wuri da sanda.

"Wannan farar saniya ce, jikar wadda mahaifina ya bar mini. Ita ke shayar da jikokina. Shekaranjiya da yamma ta kwanta."

Shekaranjiya ita ce Talata. Muniru ya tsaya yana duban sabuwar ƙasar. Ya ce mini ya so ya yi wa dattijon bayanin ganguna da kupon da aikin ƙasa, amma ya rasa ta inda zai fara da ba zai zama kamar zagi ba.

Washegari bijimai biyu na Jauro suka jawo motar har Gurugu, Muniru na ciki yana riƙe da sitiyari. Zuwera ta fito ta ga goshin, ta ga giɓin, ta koma ciki ta ɗora ruwan zafi. Har yau ba ta ce masa "na gaya maka" ba, kuma ya ce wannan ya fi yi masa ciwo. Mashudu fita ya shiga ƙarƙashin motar ya fito, ya ce ƙarfen da ya karye babu shi daga nan har Kumasi, sai dai ko Lome, amma yana da na lori in za a yarda ya rage masa tsawo. An ɗora ta a kan duwatsu a tsakar gida.

Ranar Asabar jarida ta iso. Ga jar mota a shafin farko, da ƙyar mai hoto ya kama ta saboda gudu, a ƙasa an rubuta cewa Arewa ta kama hanya. Ranar Litinin aka kira Muniru gaban kwamitin bincike. Mai safari ne shugaba. Sun zauna, sun sha lemo, sun gano cewa titi ba shi da laifi, domin duk inda aka yi shi lafiya lau yake, kuma hatsarin ya faru ne a inda babu titi. Sun gano cewa tsofaffin ƙananan motocin da ake shigowa da su daga waje ba abin dogaro ba ne, sun shawarci jama'a su guje su. Sun kuma ja kunnen Muniru kan gudun ganganci a gaban manyan baƙi.

Muniru ya ce, da iska na fita ta giɓinsa, "Masa, kai ka ce in taka."

"Na ce ka taka a kan titi. Wa ya ce ka wuce shi?"

A ofis kuma Maigirma Shugaba ya tuhume shi da rashin zuwa aiki ranar Alhamis. A makon nan ne dai muka ji shugaban a rediyo yana bayanin yadda ofishinsa ya daƙile annoba cikin gaggawa, albarkacin sabon titi.

Jiya na ari keke na raka Muniru, don yanzu da keke yake zuwa aiki, kuma ya ce ba ya makara kamar da. Muka ratsa mu ga Babban Titin Arewa. An janye mai gadi, an kwashe ganguna. Tun daga inda aka yanke kirtani har zuwa itatuwan kaɗanya, matan ƙauyukan kewaye sun shanya kaya: barkono ja, kuɓewa yankakkiya, shinkafa, rogo. Wata tsohuwa ta ce mana tunda take ba ta taɓa ganin wurin shanya irin wannan ba, babu tsakuwa, babu mota, abin da ka baza da safe ka kwashe shi da la'asar. Ta yi wa gwamnati addu'a har da ɗaga hannu.

Labari ya kai sama. Na ji an ce Maigirma zai dawo wata mai zuwa ya sake buɗe wurin, wannan karon da sunan Babbar Mashanyar Arewa, aikin da sanarwa ta ce an kammala kafin lokaci. Ni ina murna. Tsorona ɗaya ne, kada wani mai dogon baki ya gaya musu cewa rana ce ke busar da barkonon. Ranar da suka sani za su naɗa mata darakta, mu wayi gari rana ta yi ƙaranci a Tamale.